Haruffan da Farfesa Dijkhuis Ya Nace a Kansu

Karo na tara ke nan Jildou tana danna maɓallin, kuma zanen alƙaluman ya sake fitowa da tsofaffin haruffa. Manhajar zanen ta ce ba ta san salon haruffan da ake nema ba.

Ƙarfe huɗu maɗaba'a za ta rufe karɓar kundin digirinta na uku. Idan ya wuce yau, littafin ba zai fito kafin ranar kare shi ba. Shi kuwa Farfesa Dijkhuis, mai duba aikinta, ya kafe: haruffan zane arba'in da biyu sai sun yi daidai da na cikin littafin. Mutum ne da zai ga waƙafi ya karkace ya fasa cin abincin rana.

Da hannunta ta saka salon a sabuwar kwamfutarta, wadda Wiebe na sashen na'urori ya haɗa mata ranar Litinin. Ta buɗe wasiƙa ta gwada, ga haruffan nan tsaf. Ta koma manhajar zane, babu. Ta goge jerin sunayen haruffan da manhajar ke ajiyewa don ta sake nema, duk a banza. Abin haushin ma, kwamfutar ko ɗumi ba ta yi ba duk wannan aikin.

Burodinta da cuku ya bushe a kan tebur. Ta kira Wiebe, yana taro.

Ƙarfe uku da rabi haƙurinta ya ƙare. Ta share jakar aikin ɗungurungum, alƙaluma da zane da komai, don ta fara a kan tsafta. Ai asalin yana nan a babbar na'urar da sashensu ke ajiye ayyuka a ciki, sai ta kwafo sabo.

Wiebe ya shigo da kofin gahawa a hannu.

"Wiebe, wace irin akwala ka ba ni? Tun safe nake fama!"

Ya leƙa allon, ya ajiye kofin a hankali.

"Jildou, me kika goge?"

"Kwafin kwamfutata mana."

"Wane kwafi? Ban kwafo miki komai ba. Tagar aikin nan da ke kan allonki kai tsaye cikin babbar na'ura take shiga, tun Litinin a can kike aiki. Asalin kika goge. Kwamfutarki babu abin da ke cikinta sai salon haruffan nan."