Motar Inna Ta Ƙi Ɗaukar Caji

"Batir ne," in ji Shitu bakanike, karo na uku.

Gali ya sayo 'yar motar lantarkin nan, irin ta filin golf, don a riƙa kai Inna asibiti a Rano saboda ciwon gwiwa. Ga shi jiya a hanyar Dawaki wani tsoho a kan jaki ya wuce su, har da yi musu sannu.

An canja batir, an canja caja. Kullum da yamma Shitu sai ya zo ya duba farantin solar da ke yi wa motar caji a bayan gida, ya tarar da shi fes kamar an lashe.

"Anya ba sammu ba ne?" in ji Shitu.

Ran nan Gali ya dawo daga gona da rana tsaka, abin da bai saba ba. Ya zaga baya, sai ga farantin a rufe ruf da yankakkiyar kuɓewa, Inna na tsaye tana baza ta.

"Allah ya yi maka albarka," in ji ta. "Duk abin da ka saya min babu kamar faifan nan. Ba ƙasa, ba akuya, kafin la'asar na kwashe. Har goge maka shi nake yi."

Gali ya tuna miyar da ya yi wa santi jiya. Ya ciro waya.

"Shitu, gobe ka kawo wani farantin."

"Yauwa," in ji Inna. "Dama tattasai ba shi da wajen shanya."