Harbin Gwangwani a Bakin Kanal

Jaji ya jera gwangwanayen tumatir a kan simintin kanal ɗin ban-ruwa, ya ja da baya yana kakkaɓe hannu. Maza suka koma gefe. Mudassiru mai albasa yana zaune a kan babur ɗinsa Jincheng, bindigar na cikin aljihun riga, nauyinta yana jan kafaɗarsa.

Ƙaramar bindiga ce ƙirar maƙera, ya saye ta bara da fashi ya yi yawa a hanyar Zariya. Ba shi kaɗai ba ne. Manyan manoman rani da yawa sun ajiye irinta, ba mai takarda, ba kuma mai tambaya. Sukan haɗu nan bayan gonakin shinkafa da la'asar, su yi harbi, su yi gardamar ta wa ta fi. Mudassiru kullum yana da uzuri. Yau ban-ruwa, gobe lodin mota.

Amma tun daga wata Juma'a sunansa ya fi na kowa. Ranar gari ya watse zuwa masallaci, zazzaɓi ya kwantar da shi a gida. Wani ƙato ya hauro katanga da adda, don ya san an sayar da albasa. Aka ji ƙarar harbi guda. Ƙaton ya tsere yana jan ƙafa, jini har bakin rafi. Da mutane suka shigo, suka tarar da Mudassiru a tsakar gida, bindiga a hannu, jikinsa duk ƙaiƙayin shinkafa har cikin gashi. Aka ce ai sai da suka yi kokawa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Matarsa Rauda tana gefe tana wanke hannu a bakin randa.

Labari ya kai Bunkure, ya kai Kadawa. Yanzu dattawa sun yanke shawarar shi za a ba shugabancin 'yan sintiri, kuma yau aka tara jama'a su ga hannunsa.

Alhaji Datti na Kumbotso ya fara. Tasa ƙirar waje ce, baƙa mai sheƙi. Ya kayar da gwangwani, ya hura bakin bindigar.

"To, Sarkin Yaƙi," in ji shi, "fito da taka mai tsatsar nan mu ga abin da ake faɗa."

"Kai dai Alhaji," Jaji ya ce, "taka gwangwani ta sani. Tasa ta ɗanɗani ɗan fashi."

Aka yi dariya. Mudassiru ya sauko. Ya saita gwangwanin tsakiya kamar yadda ya ga ana yi, ya runtse ido, ya ja kunama. Siminti ya fashe can ƙasa. Gwangwanin ko motsi.

"Gwaji ne," in ji Jaji.

Ya sake ɗurawa, harsashin ya suɓuce ya faɗi cikin ciyawa. Ya durƙusa yana lalube, yana jin idanun mutane a ƙeyarsa. Na biyu ƙasa. Na uku ƙasa. Dariyar ta mutu. Wani dattijo ya duba rana ya ce magariba ta kusa. Ba wanda ya sake ta da zancen sintiri.

Ya bi ta gefen gonaki don kada ya ratsa kasuwa. A zaure ya daɗe tsaye riƙe da babur kafin ya shiga.

Rauda tana tattara shinkafar da ta turara ta shanya. Labari ya riga shi zuwa, ya gani a fuskarta. Ya ajiye bindigar a kan turmi, ya zauna a ƙasa, ya kasa ɗaga kai.

"Na ji kunya a gaban kowa, Rauda. Ko ɗaya ban samu ba."

Ta aje tsintsiyar. Ta leƙa zaure ta tabbatar ba kowa, sannan ta matso ta rage murya.

"Laifina ne, Maigida, da ban gaya maka ba. Bindigar ƙasa take ci. Ni ma ran nan ƙirjin ƙaton na auna, ta same shi a cinya."