Motar da Ta Yi Shiru

Bakanike ya cusa guntun bututun ƙarfe a gurbin wanda ya karye a kan manifol, mashigar iskar injin motar, ya shafa gam, ya mayar da tiyo. Fiton da motar ta shekara uku tana yi ya ɗauke.

"Oga, ta nan iska ke shiga," in ji shi. "Yanzu ko coci ka shiga da ita, ba mai juyawa."

Mai motar ya bar Kafanchan da rana tsaka, inji na tafiya sumul. A ƙauyensu, bayan Zonkwa, ya tarar da tukunya kan wuta, ƙofofi a buɗe, ba kowa. Ya danna hon, shiru. Tun harin bara, da an ji baƙuwar mota gari yake watsewa cikin gonaki.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ɗaga bonet, ya fizge tiyon. Motar ta saki fitonta.

Can cikin masara ganye ya motsa. Mahaifiyarsa makauniya ta ɓullo tana lalube, tana ce wa na bayanta, "Ku taho, ɗana ne."