Ɗan Kwana-kwana da Siton Kafur

Na ga yadda ka yamutsa fuska ɗazu da aka miƙo maka takunkumin numfashi, wai zafi gare shi. To zauna, Malam, in ba ka wani misali, don ba na son in sake zuwa irin dubiyar da na taɓa zuwa.

An yi wani ɗan kwana-kwana a wani gari mai babbar kasuwa, shekararsa ashirin da uku yana kashe gobara. Allah Ya yi masa baiwar hanci. Tun mota ba ta gama tsayawa ba zai leƙo ta taga ya shaƙi iska, ya ce wannan taya ce ke ci, ko auduga, ko wayar lantarki, kuma ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Da hancin nan yake yanke yadda za a tunkari wuta. Shi ya sa ya tsani takunkumi, ya ce toshe masa sana'a yake yi. Nasa kullum yana rataye a bayan kujerar direba, har gilashin ya dushe don rashin gogewa. Abokan aiki kan tsokane shi cewa ranar da mura ta kama shi garin ya shiga uku, shi kuma ya yi dariya, abin na yi masa daɗi. Mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma yabo ya yi masa yawa har ya fara jin ya fi ƙarfin ƙa'ida.

Ran nan da azahar aka kira su bayan kasuwa, wani sito ya kama. Hayaƙi ya turnuƙe, baƙi ƙirin, yana zubo wa mutane kunkunniya a kan riguna. Ya leƙo ya shaƙa yadda ya saba, sai ya yi murmushi. Kafur ne, 'yan fararen ƙwallayen nan da mata ke jefawa cikin akwati don korar kyankyaso da asu. Mai siton ya jibge buhunansa har kusa da rufi. Warin bai kawo masa tunanin haɗari ba ko kaɗan. Akwatin mahaifiyarsa ya tuno, da rigar sallar da take ciro masa tana kakkaɓewa. Wa zai ji tsoron abin da ya yi ta mirginawa a tsakar gida tun yana rarrafe?

Direban motar, wanda sa'ansa ne, ya ce, "Malam, mu jira motar kumfa, ko mu yi masa yayyafi daga nesa. Ka kuma sa takunkuminka."

Ya ce, "Haba dai, kafur ɗin Inna zan sa wa takunkumi?"

Ya ja mesa, ya murɗa bakinta ruwan ya koma tsini mai ƙarfi, ya je ya tsaya daf da ƙofar siton fuska a buɗe. Abin da hancinsa bai gaya masa ba shi ne, kafur ba ya zama a dunƙule ya jira wuta ta cinye shi. Narkewa yake yi. Buhunan nan tuni sun zama tafki a kan daɓen siton, wuta na ci a samansa. Duk macen da ta taɓa suyar ƙosai ta san abin da ke faruwa idan ruwa ya faɗa cikin mai mai zafi. Ruwan na dukan tafkin, sai narkakken kafur ya yi tsalle ya watso waje da wutarsa, ya wanke masa fuska. Hular kwano ta tsare kai, riga ta tsare jiki, ido ne kaɗai aka bari ba mai gadi. Aka janye shi baya. Bayan minti goma motar kumfa ta iso, ta lulluɓe wutar, ba wanda ya ƙara samun ko ƙwarzane. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu ko rai ɗaya a cikin siton, kayan kuma sun riga sun salwanta tun kafin su iso. Ba abin da ya shiga ceto.

Wata biyu ya yi a asibiti. Hayaƙin da ya shaƙa ya taɓa masa jini, jikinsa ya yi ɗorawa kamar mai ciwon shawara, amma wannan ya warke. Idon ne bai dawo ba. Ya koma gida, wuninsa a zaure kan tabarma. Idan jiniya ta wuce kan titi sai ya ɗaga kai ya shaƙi iska, ya faɗi abin da ke ci, alhali ba wanda ya tambaye shi. Abin tausayin, har yanzu ba ya kuskure.

Juma'ar farko bayan an sallamo shi, matarsa ta buɗe akwati za ta ciro masa babbar riga. Warin kafur ya cika ɗakin. Ya ce, "Miƙo mini guda." Ta laluba ƙasan kaya ta tsinto ɗaya, ta sa masa a tafin hannu. Ya jujjuya shi da yatsa. Kafur ɗin ya sha iska har ya ƙanƙance, bai kai ƙwallon magarya ba. Ya daɗe yana riƙe da shi. Matar ta juya baya tana kuka a hankali don kada ya ji, shi kuwa ya ji sarai.

To, kai mai cewa takunkumi zafi gare shi, tashi ka ɗauko naka ka goge gilashin. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.