Kalma ta Goma a Ɗakin Gwajin Ji

Tun da aka kafa dokar ji, duk wanda ya haura sittin sai an gwada kunnensa kowace shekara. Wanda kalma uku cikin goma suka kuɓuce masa, motar hukuma ke kai shi Gidan Shiru, kuma ba a taɓa ganin wanda ya dawo ba.

Inna Tabawa ta zauna a ɗakin gilashi, an toshe mata kunnuwa da na'ura. Wata murya tana faɗin kalma, ita tana maimaitawa, muryar kuwa sai ƙara yin ƙasa take. Biyu sun riga sun kuɓuce mata.

Ta goma ta zo kamar raɗa, amma ta ji ta sarai: "Haladu."

Sunan ɗanta na fari ne. Shekara hamsin, kunya ba ta taɓa barin bakinta ya kama shi ba.

Haladu na tsaye bayan gilashin, yana ganin kalmar a allo. Ta karanta leɓensa: "Inna, don Allah ki faɗa."

Ta buɗe baki.

"Yaron nan," ta ce.

A waje, direba ya tada mota.