Direban da Mota Ta Yi wa Gyara

Akwai wani direba da ya tsufa a kan hanya. Ya ja a-kori-kura, ya ja bas ta haya, ya san yadda ake tallafe mota in bayanta ya ƙwace a laka, har abokan sana'arsa kan ce hannunsa ido gare shi. Da jiki ya fara gajiya da dogon zango, sai ya kama aiki gidan wani attajiri mai son motocin gudu. Rannan maigidan ya sayo wata 'yar gajerar mota, ƙirjinta kamar zai shafi ƙasa, ƙarfinta duk a tayoyin baya yake, kana taɓa totur ta zabura. Direba ya so ta, amma abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Duk sanda ya taka ta a kan yashi ko jiƙaƙƙiyar kwalta, sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta riƙa ƙyafta masa ido, injin ya sassauta da kansa, alhali ƙafarsa na nan a danne. Ka san abin da ke faruwa? Kowace taya akwai na'urar da ke lura da juyawarta. Da zarar wata ta soma juyawa a banza ba ta kama ƙasa ba, sai ƙwaƙwalwar motar ta rage wa injin ƙarfi har tayar ta kama. Ba nan ta tsaya ba, tana kuma auna inda sitiyari ya nufa da inda jikin motar ya dosa. In suka saɓa, sai ta matsa birkin taya guda ta sasanta su. Maigidan ya yi masa wannan bayani tiryan-tiryan. Direba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ranka ya daɗe, in ita za ta riƙa tuƙin, ai sai ka sallame ni in koma gona." A zuciyarsa gani yake ranar da ya yarda ƙarfe ya gyara masa hannu, ranar ya tashi daga direba. Ya lalubo maɓallin da ke kashe abin, ya mai da shi al'ada: ya yi bisimilla, ya ta da mota, ya danna.

Farkon damina aka aike shi ƙauye ya ɗauko mahaifiyar maigidan, za ta zo sunan jikanta. Tsohuwa ta shiga tana mita, wai wannan ba mota ba ce, tabarma ce aka sa wa taya. A hanya suka tsaya wani gari ya yi la'asar. Yana cikin addu'a hadari ya haɗo, ta leƙo ta taga ta ce, "Malam direba, ƙarasa roƙon a hanya mana, Allah na ji ko'ina!" Ya taso da sauri, ya ta da mota ya ɗau hanya, ya manta da maɓallinsa. Ita kuwa irin motar nan, duk sanda aka kashe ta aka sake tayarwa, abin kan dawo da kansa. Ruwa ya sauko, ruwan fari, wanda ke tono mai da ƙurar da rani ya tara a kwalta, hanya ta yi santsi kamar an ɓarar da miyar kuɓewa. Suka iso wata kwana da ta karya hagu, damanta kwazazzabo ne mai zurfi. Yana fita daga kwanar ya ɗan ƙara totur yadda ya saba, sai bayan motar ya ƙwace ya yi wajen ramin. Ya murɗa sitiyari ya bi ta, daidai yadda ya kamata, amma shi da kansa ya ji hannun ya makara, ba hannun ƙuruciya ba ne. Kafin ya gama salati injin ya sauke murya, tayar gaba ta dama ta yi gurr ita kaɗai, kamar wani ya kamo kafaɗar motar ya juyo da ita. Mota ta miƙe ta bi inda hannunsa ya nuna. 'Yar fitilar ta ƙyafta, ta ƙyafta, ta mutu.

Ya gangara gefen hanya ya tsaya. Tsohuwa, wadda ba abin da ta ji sai 'yar girgiza, ta ɗago daga ƙullin goronta ta ce, "Yau na ga ta kaina. Wata sallar za ka sake yi?"

Ya ce, "A'a Hajiya, numfashi nake nema."

Ya zauna ruwa na dukan gilashi, yana juya abin a ransa. Shi ƙafa ɗaya gare shi a kan birki, in ya taka, tayoyi huɗu ya taka wa gaba ɗaya. Duk duniya ba direban da zai iya kama taya guda ya bar uku. Ita kuma motar ba ta san kwana ba, ba ta ga rami ba, ba ta san akwai uwar wani a ciki ba. Sai da ya nuna mata hanya sannan ta san inda za ta mai da kanta. Yatsansa ya tafi wajen maɓallin don sabo, ya tsaya, ya janye shi ya mayar kan sitiyari. Ya kai tsohuwa gida lafiya, kuma har yau shi ke jan motar.

To haka abin yake ga duk wanda ya ƙware a sana'arsa, wani ya zo masa da gyara ya ɗauka kujerarsa ake nema. Hausawa sun riga sun faɗa: gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.