Ɓarin da Ya Karkace

Goggo Marwa ta ɗaga bargon jaririn a gaban matan suna, ta juya shi.

"Ba gaba ba baya, madalla. Amma ku dubi ɓarin nan, duk ya karkace. Allah ya jiƙan Suwaiba, ashe hannunta bai kai bakinta ba."

Malam Uzairu yana tsaye a bakin ƙofa. Daga Batsari ya kawo wa jikansa bargon, ya gaya wa kowa marigayiya matarsa Suwaiba ce ta saƙa shi duka. Alhali wata uku ya yi yana kulle ɗaki yana ƙarasa shi da kwarashi, shi da ke koyar da fiƙihu.

"Ba ita ba ce," ya ce, idonsa a ƙasa. "Rabinsa ta saƙa ta bari. Karkataccen nan ni na saƙa."

Gida ya ɗauki shewa. "Malam da kwarashi!" Kafin la'asar duk garin Safana zai ji.

'Yarsa Ni'ima, mai jegon, ta biyo shi zaure.

"Baba, ni na riƙe wa Inna zare a asibiti, hannunta yana rawa. Karkataccen nan nata ne. Mai kyan ne naka."

Ya gyara hularsa.

"To, ki yi shiru."